Tagwayen faifai, amma kwamfuta ɗaya take gani

Yau za mu duba wata matsala da kan ɗaga hankali a ɗakin kwamfuta. An sayo faifan ajiya na waje guda biyu iri ɗaya, an kwafe na farko kacokan cikin na biyu don gudun asarar sakamakon jarrabawa da hotunan bikin yaye ɗalibai. Kowanne in an jona shi shi kaɗai, lafiya lau. Da an jona su tare, sai ɗaya ya fito, ɗayan kuwa ko sama ko ƙasa.

Kada mu yi saurin cewa ya mutu. Windows ba ruwanta da launin faifai ko sunan kamfaninsa, lambar shaida take dubawa, wadda ke rubuce a farkon faifan. A tsohon tsarin MBR lambar alamomi 8 ce kacal. Manhajar da ke kwafe faifai gaba ɗaya har wannan lamba take ɗauka. Kamar ɗalibai biyu ne su shigo zauren jarrabawa da lambar rajista ɗaya: mai sa ido zai zaunar da ɗaya, ya tsayar da ɗayan a bakin ƙofa. Haka Windows 7 da na bayanta suke yi wa faifai na biyu.

Maganin ba wuya. Mu danna maɓallin Windows tare da R, mu rubuta diskmgmt.msc, mu danna Enter. A ƙasan shafin za mu ga faifan da ya ɓata da kalmar Offline a jikinsa. Mu danna ɓangaren dama na linzami a kan sunansa, mu zaɓi Online. Nan take Windows za ta ba shi sabuwar lamba, fayilolin kuma ba abin da zai same su. In ya fito ba harafi irin E ko F, a shafin nan ake sa masa.

Sai dai a kula. Idan kwafin na faifan da kwamfuta ke tashi da shi ne, canza lambar na iya hana shi tayar da Windows, don haka a fara tambayar malami. Duk saƙon da ya ce Format ko Initialize kuwa, a rufe shi. Mai gaggawa kan danna, aikin shekara ya tafi.

In faifan bai bayyana a shafin ba sam, mu zargi wuta. Ƙofar USB 2.0 miliyamf 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900. Faifai biyu a kan ƙaramin marabi ɗaya marar wutar kansa ba za su ƙoshi ba, har akan ji ɗaya na ƙas-ƙas. A raba su, kowanne da ƙofarsa a jikin kwamfuta.