Ƙofar da Aka Hana Rufewa Ranar Juma'a

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa matasa, a shekarar 1567 Sarki Filib na Biyu na Sifaniya ya kafa doka a kan jikokin Musulmin Andalus da ke Garnaɗa, waɗanda aka tilasta wa shiga Kiristanci: kada su yi Larabci, kada su sanya tufafin kakanninsu, kuma su bar ƙofofin gidajensu a buɗe ranar Juma'a, domin a gane mai sallah a ɓoye.

Tun a 1478 aka kafa kotun binciken aƙida a ƙasar. Da Yahudawan da suka koma Kiristanci ta fara, sannan ta waiwayo kan Musulmi. Makamanta uku ne. Na farko, jerin alamomi da ake karantawa a majami'u: wanda ya sauya tufafi masu tsabta ranar Juma'a, ko ya ƙi naman alade, abin zargi ne. Na biyu, 'yan rahoto daga cikin maƙwabta, ba a kuma faɗa wa wanda ake tuhuma sunan mai ƙararsa. Na uku, kundin ajiya, inda zargin kaka yake bin jika. Ƙarshe dai, tsakanin 1609 da 1614, aka kori kimanin mutum 300,000.

An rushe kotun a 1834, amma a ganina hukumomin zamani sun gaji makamanta. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo yadda 'yan sandan New York a Amurka suka riƙa tura 'yan leƙen asiri masallatai da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi. A 2012 wani babban jami'insu ya amsa cewa sashen da ke taswirar unguwannin Musulmi bai taɓa samar da bayanin da ya kai ga binciken ta'addanci ba. A 2014 aka rufe shi.

Ba na musun cewa tsaro haƙƙi ne a wuyan hukuma. Amma laifi ake hukuntawa, ba gemu ko alwala ba. Idan ibada ta zama shaidar laifi, abin da yake fara mutuwa shi ne amana tsakanin maƙwabta.

Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana mu mummunan zato da bin diddigin sirrin juna. To, kafin ka ɗauki hoton hirar wani da wayarka ka yaɗa don a ce ya ɓace, tambayi kanka: a Garnaɗa, kai ne mai gidan, ko mai leƙen ƙofa?

Wallahu a'alam.