Ra'ayi: Jininki Yana Da Labari, Amma Sai Kin Zo Awo



Duk ranar awo akan ji wata ta ce, "Wai me ake yi da jinin nan da ake ɗiba ne kullum?" Tambaya ce mai kyau, kuma kin cancanci amsa.

Jininki yana ɗauke da dubban sinadarai da ake kira furotin. Kowane sashe na jiki yana zuba nasa a ciki, har da mahaifa da mabiyiya. Idan wani wuri ya fara samun matsala, yawan furotin ɗinsa yakan canja tun kafin ki ji ciwo. Wahalar ita ce, wanda ake nema ɗan kaɗan ne. Nau'i guda, wato albumin, ya kai kusan rabin furotin da ke ruwan jini. Neman sauran kamar neman allura ne a cikin buhun gero.

Masana sun haɗa dabaru biyu. Ta farko ita ce amfani da ƙwayoyin garkuwa, irin waɗanda jiki ke yi don kama cuta. Kowacce abu ɗaya tak take kamawa, kuma tun 1975 aka gano yadda za a sarrafa su a ɗakin bincike a Ingila. Su ne ke cikin tsinken gwajin ciki da kika yi da fitsari. Akan manna su a jikin 'yan ƙananan duwatsu masu bin maganaɗisu, su cafko furotin da ake so, a wanke sauran. Dabara ta biyu na'ura ce mai auna nauyin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Mai sikeli a kasuwar Sabon Gari yana gaya miki yawan kaya ne kawai, ita kuwa wannan daga nauyin take gane ko wane ne aka kamo da kuma yawansa. Masana biyu, John Fenn na Amurka da Koichi Tanaka na Japan, sun samu lambar yabo ta Nobel a 2002 saboda buɗe hanyar auna furotin da ita. Idan aka haɗa biyun, ana iya duba furotin masu yawa a ɗan jini kaɗan.

Ina ruwan mai ciki da wannan? Amsar ita ce jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Tana farawa da hawan jini bayan mako 20 na ciki, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar nan. A 2003 masu bincike a birnin Boston suka gano cewa mabiyiyar mai wannan ciwo tana zuba wani furotin fiye da kima. A 2004 aka nuna yana hauhawa kimanin mako 5 kafin alamu su bayyana. Yau akwai gwajin jini na ƙwayoyin garkuwa da aka gina a kan wannan, kuma Amurka ta amince da shi a 2023.

To ga ra'ayina, kashi biyu ne.

Na farko, bai kamata a yi wannan ilimi babu mu ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2023 ya auna furotin kusan 3,000 a jinin mutane sama da 50,000, amma mafi yawansu Turawa ne. Ma'aunin da aka yanka a jikin wata ba lallai ya dace da matar Samaru ba. Na san akwai tsoro, kuma ba a banza ba. Ba a manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Saboda haka idan aka nemi ki shiga bincike, ki sani kina da haƙƙi: a yi miki bayani da Hausa, a gaya miki inda jinin zai je, a ba ki lokaci ki yi shawara da maigida. In kin ƙi, kulawar da ake ba ki ba za ta ragu ba. In kuma kin gamsu, ki yarda, domin 'ya'yanki mata ne za su ci moriyar.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, kada ki jira na'ura. Tana da tsada, tana son wuta ba yankewa da ƙwararrun ma'aikata, kuma ko a ƙasashe masu arziki galibi aikin bincike ake yi da ita. Abin da zai cece ki a wannan cikin yana nan kusa: awon jini a damtse da tsinken fitsari. Shi ma tsinken furotin yake nema, wanda ƙoda ke zubarwa idan ciwon ya taɓa ta. Idan awo ya kai 140 bisa 90, likita zai sa ido, ya ba da magani. Akwai kuma allurar magnesium sulphate, wadda wani babban gwaji na 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa a zo awo sau 8, na farko cikin mako 12 na farko. Amma da yawa sai ciki ya tsufa suke zuwa yankar kati, musamman masu cikin fari da kunya ke hana su, alhali su ne haɗarin ya fi yi wa yawa. Haka ma mai tagwaye, da mai hawan jini ko ciwon suga tun da can.

Kada a tsaya jiƙe-jiƙe idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari na dama. Kumburin fuska ba alamar ɗa namiji ba ne, jijjiga kuma ba iska ba ce.

Maigida, kai ma da kai nake. Ka ba da izini tun yau, ka ware kuɗin mota, ka riƙe lambar mai Keke ko direban da zai fito ko da tsakar dare ne. Daga Samaru ko Sabon Gari zuwa Shika ba nisa, jinkirin yanke shawara ne ke mai da shi nisa.

Allah Ya raba lafiya, Ya raya abin da za a samu.