Uban da Ya Ƙi, da Uban da Ya Kasa

Duk wanda ya saba zama zauren alƙali a birnin Katsina ya san wata ƙara da ba ta yankewa. Mace ce za ta zo da goyo, wani yaron na riƙe da gefen zanenta, ta ce uban 'ya'yan nan ya sake ta, tun daga ran nan ko mudun gero bai aiko ba. Alƙali ya kira mijin, ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa kowane wata. Bayan wata biyu ko uku sai ga ta ta komo da maganar jiya.

Hukuncin abin ba ɓoyayye ba ne ga malamai. Suratul Baƙara da Suratuɗ Ɗalaƙi sun ɗora ciyarwa a wuyan uba, gwargwadon ƙarfinsa. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗalibai ke karantawa cikin Risala da Muhtasar, uba mai hali tilas ne ya ciyar da ɗansa har ya balaga, 'yarsa kuwa har mijinta ya tare da ita. Saki yana raba miji da mata, amma ba ya sauke wannan nauyi.

Sai dai iyayen da ake kai wa ƙara iri biyu ne. Akwai wanda ke da shi ya hana, don fushi da uwar ko don ya yi sabuwar amarya. Wannan maganinsa na hannun shari'a. Akwai kuma wanda ya kasa. Fatake sun fi kowa sanin yadda irinsa suka yawaita: an rufe iyakar ƙasa a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar a 2023, ciniki ta hanyar Jibiya da Maraɗi ya tsaya, aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, ga 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu. Idan aka tsare irin wannan mutum, an ƙara wa 'ya'yansa yunwa ne kawai. Abin da zai fisshe shi sana'a ce.

Gidajen koyar da sana'a kuwa ba su yi ƙaranci ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar samar da aikin yi, NDE, tun 1986. Katsina na da Ƙauyen Sana'o'in Matasa tun zamanin Gwamna Ibrahim Shema, ga kuma KASEDA mai kula da ƙananan masana'antu, wadda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa a 2023. Ran bikin yaye ɗalibai akan faɗi yawan waɗanda suka gama da kayan aikin da aka raba. Amma tambayar da ta shafi matar nan mai goyo ita ce: bayan shekara guda, mutum nawa ke cin abinci da sana'ar, kuma nawa ne ya isa tukunyar 'ya'yansu?

Mutanen Amurka sun taɓa yi wa kansu wannan tambaya, suka biya kuɗi don samun amsa. A 2012 gwamnatinsu ta ba jihohi 8 kuɗi su gwada wani shiri, ta kuma ware wani kaso domin masanan Jami'ar Wisconsin da abokan aikinsu su bi sawunsa. Daga 2013 zuwa 2016 aka ɗauki iyaye fiye da 10,000 waɗanda bashin ciyarwa ya hau kansu, galibinsu maza. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka taimake su neman aiki, aka yi musu darasin riƙon 'ya'ya, aka daidaita abin da aka yanka musu da ƙarfinsu. Sauran rabin aka bar su bisa tsarin da aka saba.

Sakamakon da ya fito a 2019 bai zo yadda aka so ba. Waɗanda aka taimaka ba su fi 'yan'uwansu samun aiki ba, abin da suke samu ya ƙaru kaɗan ne a shekarar farko, kuma kuɗin da ke isa ga 'ya'yan bai ƙaru ba. Abin da ya sauya sosai zuciya ce: 68 cikin 100 sun ce sun gamsu da yadda hukuma ta bi da su, alhali a ɗaya ɓangaren 46 ne, kuma sun ƙara jin nauyin 'ya'yansu. Da ba a auna ba, da an yi ta shelar nasara ana zuba dukiya.

Katsina ba Amurka ba ce. Can daga albashi ake cire kuɗin, nan kuwa yawancin mutane a kasuwa da gona suke nema, ciyarwarsu ma sau da yawa hatsi ce da tufa da kuɗin makaranta. Saboda haka sai an gwada a nan, da mudun nan.

Hanyar kuwa ba mai wuya ba ce. Kotunan shari'a da Hukumar Hisba su ne ke ganin waɗannan iyaye, su za su tantance wanda ya kasa daga wanda ya ƙi. A keɓe musu gurabe a gidajen sana'a, attajirai da masu sana'ar hannu su karɓi wasu a shagunansu. Tun ran da aka tsara kasafin, a ware kuɗin bincike, a danƙa aikin ga waɗanda ba su da hannu cikin shirin, kamar malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Su bi mutanen shekara biyu, su tambayi uwar 'ya'yan ita kanta abin da ya shigo hannunta, sa'an nan a bayyana sakamakon ga jama'a, ko mai daɗi ko maras daɗi.

Wani zai ce kuɗin bincike gara a saya wa yaran abinci da shi. Amsarsa tana wurin 'yan kasuwa, domin babu attajirin da zai ba yaronsa jari shekara da shekaru bai zauna sun yi lissafi ba, dukiyar baitulmali kuwa amana ce da ta fi jarin mutum ɗaya nauyi. Wani kuma zai ce ƙuri'a zalunci ce ga wanda ba ta faɗa kansa ba. To, gurabe dai ba za su ishi kowa ba, kuma malaman fiƙihu sun yarda da ƙuri'a inda haƙƙoƙi suka yi daidai. Ta fi a bar zaɓen ga wanda ya san wani.

Ya rage ga malamai su riƙa tuna wa iyaye a wa'azi cewa ciyar da ɗa wajibi ne, ba alfarma ce ake yi wa uwarsa ba, ga 'yan majalisar jiha kuma su nemi ganin kuɗin awo cikin kowane shirin sana'a kafin su amince da shi. Allah ya ba shugabanni basira, ya rufa wa iyaye asiri, ya raya zuriya bisa alheri, amin.