Raɗe-raɗin Rigakafi Daga Kasuwa Zuwa Waya

A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa raɗe-raɗin cewa ɗigon yana hana haihuwa, sai a Yulin 2004 aka dawo da shi. A wancan lokaci zance yakan jira ranar kasuwar Wudil kafin ya bazu ƙauyuka. Yau saƙon murya guda a WhatsApp, mai buɗewa da sallama da salati, ya wadatar, kuma kamfanin ba ya jin abin da ke ciki balle ya tace shi.

Sai dai kuskure ne a yi wa masu tsoron dariya. Suna tuna gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996. Irin wannan tsoro malamin unguwa suke kai wa, shi kuwa sau da yawa saƙon nan ne kaɗai ya saurara kafin ya hau mumbari.