Man Gyaɗa Ba Ya Son Rana

A cikin man gyaɗa da man riɗi akwai wani sinadari mai suna linoleyik, dangin omega-6. Jikin ɗan Adam ba ya iya yin sa, tilas sai ta abinci. Masana biyu na Amurka, George Burr da matarsa Mildred, su suka gano wajibcinsa a 1930, bayan ɓerayen da suka hana wa mai sun tsumbure, fatarsu ta yi kaushi. Dalili kuwa, da shi fata ke tsare ruwan jiki.

Kusan sulusin man gyaɗa shi ne, man riɗi humusi biyu, manja ushiri kawai.

Amma fa sinadarin nan ba ya jure rana da iska da yawan wuta. Ɗan kasuwan da ke jera kwalabe a tsakar rana, wai ƙyallin mai ya jawo mai saye, da hannunsa yake ɓata hajarsa: man ya yi gafi, amfaninsa ya ragu, kuɗinsa kuwa yana nan yadda yake. Wannan tauye hakki ne, ko da mudu ya cika. Haka mai ƙosai da ke maimaita suya da mai guda har ya yi baƙi.

Gyaran ba tsada: inuwa, garwa mai murfi, da sarin abin da zai ƙare da wuri.