Martani: Mai Faskare a Kende Ba Zai Ajiye Gatari Don Umarni Ba

Wani marubuci ya wallafa cewa masu sayar da itace da gawayi a yankin Bagudo su bar sana'ar yanzu, wai gas ya wadata kuma daji na ƙarewa. Dajin kam yana ƙarewa. Sauran zancen kuwa na wanda bai leƙa madafa ba ne.

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, Naira ta faɗi, gas ya yi tsada, gidaje da yawa suka koma murhu. A Kende da ke yankin Bagudo, mai ƙosai da mai tsire da matan da ke bandar kifi duk itace suke hurawa. Dattijon da ya tsufa yana faskare yana da masu saye har gobe. Ƙarfin kafaɗa ne ke gudunsa.

To ina zai nufa? Fataucin Benin? Rufe iyaka a Agustan 2019 ya nuna yadda wannan hanya ke toshewa dare ɗaya.

Lokacin barin faskare shi ne ranar da ya sami madogara: gonar fadama, ko jarin sayar da murhu mai tsimin itace. Ya kamata gwamnatin Kebbi ta samar da wannan tukuna, kafin a ce ya sauke gatari.