Soket Ya Lume A Bango: Kwali Ko Roba?

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, a gidaje da yawa na Tudun Wada a Gusau, har Tsafe da Bunguɗu, akan ga soket ko makunnin fitila ya lume cikin bango. Dalili kuwa, mai wayarin yakan kafa akwatin tun kafin birkila ya yi filasta, sai siminti ya yi kauri ya bar akwatin can ciki. In an ɗaura fuskar soket ba ta samun matokara, sai ta riƙa girgiɗi. Nan ne wasu kan cusa kwali ko tsinke a bayanta.

Wannan ganganci ne. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce, soket mai baki uku kuwa yana ɗaukar amfiya 13, wato kusan wat 3,000. Girgiɗi yana kwance waya, kwantacciyar waya tana zafi tana tartsatsi, kwali kuwa makamashi ne. Ga gobara ke nan.

Yanzu akwai na'urar 3D, wadda ke narkar da zaren roba tana ɗora shi hawa-hawa har ya zama abin da aka zana a kwamfuta. Scott Crump na Amurka ne ya nemi rajistar wannan dabara a 1989, da wa'adinta ya ƙare a 2009 sai na'urorin suka yi araha. Da ita ana buga 'yar zobe daidai zurfin ramin, a zura noti a cikinta, soket ya zauna daram.

A ganina wannan ya fi kwali nesa ba kusa ba, amma fa ba kowace roba ba. Wadda aka fi bugawa da ita, PLA, tana laushi da zafi ya kai wajen digiri 60. ABS kuwa sai ya wuce 100. Wanda ya zaɓi PLA don sauƙi, ya tuna araha ba ta ado. Kuma zobe ba ya gyara ƙonanniyar waya. A kashe wuta daga babban makunni, a kira ƙwararren mai wayarin ya duba tukuna.

Ina roƙon hukumomin ilmi su sa wannan na'ura a ɗakunan koyon sana'a na makarantunmu, a koya mana aunawa da zaɓen roba tare. Iyaye kuma don Allah a leƙa bayan soket a yau. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.